Akwatin ablakash a cikin kwalekwale, me za a shafa masa ya jure gishiri da ranar Bur Sudan

Salamu alaikum jama'a. Yau maganar akwati zan yi, irin wanda muke haɗawa da kanmu da ablakash, katakon nan mai falle-falle da aka manne da gam, mu aje a kwalekwale muna zuba ƙugiyoyi da igiya da batir da ɗan guzuri. Haɗa shi ba wani aiki bane, inda ake rabuwa shine me za a shafa masa, kuma wallahi abin yana damuna don ina ganin 'yan uwa a wannan hali na tsadar rayuwa suna sayen banish mai tsada, shafin ƙyallin nan da ake ganin katako ta cikinsa, akwati yayi ƙyalli kowa na yabawa, kafin zafi ya wuce ya fara ɓarewa ruwa ya shiga shikenan kuɗi sun tafi.

Abu biyu ne ke cin akwati a nan, ruwa da rana, kuma maganin ɗaya baya maganin ɗayan. Ruwan Bahar Maliya, tekun da Bur Sudan ke bakinsa, ya fi na yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a lita ɗaya, na sauran kuwa wajen 35 ne. Shi gishiri in ya shiga katako baya fita, ruwan ya bushe shi ya zauna, da dare kuma ya jawo laimar iska katakon ya sake jiƙewa ko da ba a yi ruwan sama ba, mu da ma ruwan saman namu ɗan kaɗan ne wajen Nuwamba. Rana kuma ai ba sai na faɗa ba, Yuli da Agusta zafi na haura 40.

Wani tsohon akwatin kawuna da yake aiki dashi a Sawakin, garin bakin teku da ke kudu da Bur Sudan, shi ya nuna min inda ɓarnar take farawa. Saman murfin lafiya lau fentin nan na nan, amma da ya kifa shi ya danna farce a bakin katakon ta ƙasa sai farcen ya nutse, fallayen sun buɗe ɗaya bayan ɗaya, farin gishiri kwance a tsakaninsu ga baƙin fumfuna. Nace Kawu ai fentin bai mutu ba, yace "ɗana ruwa ba ta fuska yake shiga ba, ta baki yake shiga." Gaskiya ya faɗa. Duk inda zarto ya yanka ablakash to bakin nan yana zuƙar ruwa kamar lagwani, don rabin fallayen kan jijiyarsu ne a buɗe a wurin. In kuma ablakash ɗin na kayan ɗaki ne gam ɗinsa da ma baya jure jiƙa. Wanda aka yi don ruwa, mai lambar BS 1088 ta Ingila, gam ɗinsa ko an tafasa shi baya saki, sai dai samunsa a kasuwa da wuya ga tsada, yawancinmu da wanda ya samu muke aiki, shi yasa shafin yake da muhimmanci haka.

Ni dai abin da na tsaya a kai shine efoksi (wani ruwan gam ne da ake kwaɓawa da maganin daskarewarsa ya sandare) a ƙasa, fenti mai haske a sama. Efoksi shi ke toshe ruwa, babu abin da ya kama katako ya rufe shi kamarsa, amma rana tana cinsa, in ka barshi tsirara zai yi rawaya ya fara fitar da gari-gari. Fenti kuma shi ke tare rana saboda launin da ke cikinsa hasken baya ratsawa. Kowa da aikinsa.

Kafin a shafa komai a goge kusurwoyi da samfefa mai lamba 80 har su yi ɗan zagaye, don fenti baya zama da kauri a kan kaifi, nan yake fara tsagewa. Sai efoksi shafi biyu zuwa uku ciki da waje da ƙasa, bakin katakon kuwa kayi ta bashi yana sha kana ƙarawa har ka ga ya daina sha ya tsaya da sheƙi. Don Allah a kula da awon haɗa efoksin da maganin daskarewarsa, wani kashi 2 da 1 ne wani 5 da 1, abin da aka rubuta a gwangwani shi za a bi. Masu gyaran kwalekwalen faiba sun saba ƙara maganin daskarewa in suna son rezin, ruwan gam ɗin da suke aiki dashi, ya kama da wuri, to efoksi ba haka yake ba, in ka ƙara sai ya ƙi bushewa ya zauna da danƙo. Kar kuma a tsinka shi da tina, in tinar ta tashi tana barin ƙananan ƙofofi. A zafinmu kwaɓa kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi, in ka tara shi da yawa a kofi zai ɗau zafi da kansa ya daskare a hannunka har hayaƙi yana yi. Kuma bayan la'asar ake shafawa a inuwa lokacin da katako ke hucewa, in ka shafa da safe katakon na ɗumama iskar cikinsa zata fito ta cika maka shafin da ƙwai-ƙwai. A sa safar hannu, don efoksi yana jawo ƙaiƙayi da ƙuraje in ya saba taɓa fata.

In ya bushe sarai, a iskar nan tamu mai laima yakan fitar da wani ɗan maiƙo a sama, a wanke da ruwan daɗi a goge da samfefa 120, sannan fentin shimfiɗa wato na farko, sannan a shafa fentin mai sau biyu. Fari ko ruwan toka mai haske. Baƙi da shuɗi mai duhu suna kyau a ido amma murfin zai yi zafin da baka iya ɗora hannu, efoksin ƙasa yayi laushi, batir da abincin ciki su ma su ji a jikinsu. Akwai fenti mai haɗi biyu na foliyuretan, ya fi ƙarfi ya fi daɗewa, in ka samu ka shafa da buroshi kar ka fesa don tururinsa yana illa ga huhu, kuma baya hawa kan tsohon fentin mai, tayar dashi yake.

Banish fa? Ba ƙinsa nake ba, a kan katako mai kyau a inuwa abin sha'awa ne, amma haske yana ratsa shi, yana son shafi shida zuwa takwas tun farko kuma kullum kana kan sabuntawa, wa ke da wannan lokacin cikin masu fita kamun kifi. Rezin ɗin faiba ya fi efoksi araha kuma ana samunsa ko ina a bakin ruwa, sai dai baya riƙe katako da kyau, katako na kumbura yana motsi shi kuma ya saki ya ɓamɓare ruwa ya kwanta a ƙarƙashinsa. Baƙin man inji da wasu ke shafawa kuwa a bari don Allah, yana ɓata kaya yana zuba a teku kuma bayansa babu fentin da zai sake kamawa.

Wanda kuɗinsa basu kai ba, ya sayi ɗan ƙaramin efoksi ya bi bakunan katako da ƙasan akwati da ramukan sukuru kawai, sauran jiki fentin shimfiɗa sannan a shafa fentin mai sau uku. Ramin sukuru a huda shi ya ɗan fi faɗi, a cika da efoksi, in ya bushe a sake hudawa a tsakiya, sukurun da hinji su zama na ƙarfen da baya tsatsa, mai lamba 316 ya fi jure gishiri akan 304. A manna masa ƙafafu biyu na katako ko roba ya tashi daga ruwan da ke kwanciya a ƙasan kwalekwale, murfin ya zama mai leɓe da ya sauko ya rufe bakin, a bar 'yar kafar iska a ƙarƙashin leɓen don igiya jiƙaƙƙiya kar ta ruɓe a ciki. In an dawo daga fita a watsa masa ruwan daɗi, duk inda aka ga anka ko ƙugiya ta karce fenti har katako ya fito a bari ya bushe a taɓa wurin a satin nan.