Tambayar da ban yi ba kafin in nemi gurbin karatun eriya da rada

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, kullum da asuba sai ya murɗa rediyonsa yana neman gajeren zango. In tasha ta ƙi kamawa, sai ya ɗaura wayar tagulla a jikin eriya ya ce in rataya ta a kan katanga. Nan take murya ta fito tangaran. Wannan wayar ce ta kai ni karatun injiniyan lantarki, ita ce kuma ta sa bayan bautar ƙasa na ƙudurta yin digiri na biyu a fannin igiyoyin lantarki da maganaɗisu, wato ilimin da ke ƙarƙashin eriya da na'urar rada, mai gano abu daga nesa ta hanyar aika igiyar rediyo da karɓar wadda ta dawo.

Yadda na fara neman makaranta abin kunya ne in na tuna. Jerin manyan jami'o'in duniya na buɗe, na bi daga sama ina rubuta sunaye. Sai daga baya na gane cewa wannan fanni ba a jami'a yake zaune ba, a ɗakunan bincike yake, kuma ɗakunan ba su da yawa. Jami'ar Jihar Ohio tana da ElectroScience Laboratory tun 1942, Jami'ar Oklahoma da ke Norman ta shahara kan radar hasashen yanayi, Delft a Holan tana da ƙungiyar rada mai ƙarfi, Chalmers a Suwidin kuma an san ta da eriya. Jami'a na iya zama ta goma a duniya amma malami ɗaya tal ke wannan aiki a cikinta, shi ma yana dab da ritaya.

Na rubuta wa wani farfesa a Amurka. Ya amsa da mutunci, ya yaba sakamakona, sannan ya faɗa min gaskiya: mafi yawan kuɗin binciken radarsa daga ɓangaren soja yake zuwa, kuma dokokin ƙasarsu na hana fitar da fasahar tsaro, irin su ITAR, sun rufe wasu ayyukan ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Zan iya samun gurbi, in zauna a aji, amma akwai ƙofar da ba zan shiga ba. Na kwana biyu raina a ɓace. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yau kuwa ina yi masa addu'a, domin shi ya koya min tambayar da ta fi kowace muhimmanci: in na zo, me hannuna zai taɓa?

Da wannan tambayar na sake lale. Na daina rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai, na koma neman ɗaliban da ke cikin ɗakunan binciken. Su ne ke faɗa maka ko malamin yana zama da ɗalibinsa ko sai a ƙarshen zango, ko na'urar awo tana aiki ko ta shekara a lulluɓe, ko tallafin zai kai ka ƙarshen karatu. A ƙarshe na zaɓi wata jami'a a Turai wadda ko sunanta ƴan uwana ba su taɓa ji ba. Kawuna har cewa ya yi, "Kai yaro, duk jami'o'in duniya sai wannan?" Na ce, "Kawu, suna da ɗakin da nake nema."

Ɗakin nan shi ne wanda ba ya amsa kuwwa. Bangonsa da rufinsa duk an jera musu soso mai tsini kamar ƙaya, wanda ke shanye igiyar rediyo don kada ta dawo ta gurɓata awo. A nan na sha darasin da ba zan manta ba. Na zana ƙaramar eriya ta gigahaz 2.4, mitar da Wi-Fi ke aiki a kai, tsawon zangonta santimita 12.5. A manhajar HFSS, wadda ke kwaikwayon aikin eriya a kwamfuta, komai ya fito tsaf. Na sassaƙa ta a allon FR4, irin allon da ake haɗa kayan lantarki a kansa, na yi wa mahaɗinta solda da hannuna, na jona ta da na'urar awo, sai ga ta tana amsawa a ƙasa da inda na nufa. Na ɗauka na'urar ce ta lalace. Ma'aikacin ɗakin, dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗauki allon ya juya shi, ya nuna min tulin dalmar da na zuba, sannan ya tambaye ni ko na auna allon kansa kafin in yarda da lambar da kwamfuta ta ba ni. Ban auna ba. FR4 ba ya zama daidai daga wannan kamfani zuwa wancan. A digirina na farko kwaikwayon kwamfuta kawai na sani, ban taɓa ganin ya ƙaryata ni ba sai ranar.

Wani abin da ban sani ba shi ne fannin ya rarrabu. Mai zana eriya daban, mai rubuta manhajar warware lissafin Maxwell, wato lissafin da ke bayyana igiyoyin lantarki da maganaɗisu, daban, mai rada kuma rabin rayuwarsa kan tace sigina da ƙididdiga take ƙarewa. Na shiga da son eriya, na tarar lissafina na ƙididdiga bai kai ba, sai da na yi wata shida ina cike giɓi da dare.

Rada ce ta riƙe ni daga baya, kuma dalilin daga gida ya zo. A watan Satumba na 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya ci Maiduguri, na sauke hotunan tauraron Sentinel-1, wanda Turai ke bayar da bayanansa kyauta. Radarsa na ratsa gajimare, dare ko rana, kuma shimfiɗaɗɗen ruwa baƙi yake fitowa domin yana kautar da igiyar maimakon ya mayar da ita. Na zauna ina bin baƙin nan a gefen kogin Ngadda, waya a hannuna ina ta kiran abokina da ke Gwange ba ta shiga. Washegari na je wurin malamina na roƙe shi ya bar ni in canza batun bincikena.