Bayan hukuncin Brown: inda daidaito a makarantun Amurka ya riƙa cijewa

A ranar 17 ga Mayu, 1954, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba makarantun gwamnati tsakanin baƙar fata da farar fata ya saɓa wa tsarin mulki. Alƙalan nan tara bakinsu ya zo ɗaya. Mutane da yawa nan suke tsayawa da labarin, alhali kuwa daga ranar ce aka soma ganin yawan hanyoyin da ake bi a tauye wa yaro ilimi ko da doka ta buɗe masa ƙofa.

Turjiyar farko ta fito fili. A 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji birnin Little Rock na jihar Arkansas kafin ɗalibai tara baƙar fata su iya shiga aji. Gundumar Prince Edward a jihar Virginia kuwa rufe makarantunta na gwamnati ta yi ɗungurungum daga 1959 zuwa 1964 don kada a haɗa yaran. Abin da ya karya wannan taurin kai shi ne kuɗi: dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta ba da ikon janye tallafin tarayya daga duk makarantar da ke nuna wariya, sannan dokar ilimi ta 1965 ta ƙara yawan tallafin har ya zama asararsa ba ƙaramin ciwo ba ce.

Matsalar da ta fi damuna ita ce wadda ba a gani a bakin ƙofa. Kaso mai tsoka na kuɗin makarantu a Amurka daga harajin gidaje da filaye na gunduma yake fitowa. Shari'ar Rodriguez ta 1973 ta nuna yadda lissafin yake a birnin San Antonio na Teksas. Gundumar Edgewood, wadda yawancin mazaunanta talakawa ne 'yan asalin Meziko, tana karɓar dala 1.05 a kan kowace dala 100 ta darajar gida, amma abin da take samu dala 26 ne kan kowane ɗalibi. Alamo Heights ta masu hali tana karɓar santi 85 kacal, tana samun dala 333. Wato talaka ya fi matse aljihunsa, ɗansa kuma ya fi samun kaɗan. Ko bayan an haɗa da tallafin jiha da na tarayya, dala 356 ce da 594. Kotu, da rinjayen biyar da huɗu, ta ce wannan bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. Tun daga nan sai dai a kai ƙara kotunan jihohi, kowace jiha da nata sakamako.

Shekara guda bayan haka, a shari'ar Milliken, kotun ta hana a riƙa ɗaukar yara a bas tsakanin birnin Detroit da gundumomin kewayensa sai an tabbatar su ma sun yi wariya da gangan. Iyalan da suka ƙaura bayan gari sun tsira daga shirin haɗa makarantu, iyakar gunduma ta ci gaba da aikin da tsohuwar doka take yi.

Sai batun harshe. A San Francisco yara kimanin 1,800 'yan asalin Sin suna zaune a aji ba sa jin Turanci, babu kuma mai koya musu. Hukumar makarantu ta ce ai littafi ɗaya da malami ɗaya aka ba kowa. A shari'ar Lau ta 1974 kotu ta ce wannan ba daidaito ba ne. Ma'aunin da ake amfani da shi wajen duba ko makaranta ta sauke haƙƙin irin waɗannan yara ya fito daga shari'ar Castañeda ta 1981: shirin koyar da harshe ya kasance bisa ingantacciyar fahimta ta masana, a samar masa malamai da kayan aiki, sannan a duba ko yaran na ci gaba, in ba sa yi a sauya. A na biyun aka fi faɗuwa, domin rubuta shiri a takarda ya fi samun ƙwararren malami sauƙi nesa ba kusa ba.

Ilimin da ke kula da al'adu mabambanta ya tsiro ne daga wannan gwagwarmaya, musamman bayan yajin ɗalibai na 1968 a kwalejin jiha ta San Francisco, wanda ya haifar da sashen nazarin ƙabilu. Masani James Banks ya kasa gyaran manhaja mataki huɗu. Na farko a ambaci gwarzaye da ranakun buki, na biyu a liƙa wani babi ba tare da taɓa sauran ba, na uku a sake ginin darasin yadda za a kalli abu ɗaya ta idon ɓangarori daban-daban, na huɗu ɗalibai su ɗauki wata matsala su nemi mafita da kansu. Yawancin makarantu a na farko da na biyu suke maƙalewa, don ba sa buƙatar sake horar da malamai ko canza jarrabawa. Na ukun ne ke nufin a koyar da faɗaɗar Amurka zuwa yamma tare da labarin ƙabilun asali da aka kora daga ƙasarsu a cikin darasi guda, a kuma tambaye shi a jarrabawa.