Rigar gwanjo mai bauna a gaba

Ranar Asabar na shiga Ƙofar Wambai da niyyar wandon jins guda ɗaya kawai, amma ai kun san halin gwanjo, sai na tarar an ɓalle sabuwar dila ana ta wawaso nima na cusa hannu. Abin da na zaro wata tishat ce ruwan ƙasa, ta ɗan koɗe, a gabanta an zana wata ƙatuwar bauna mai doro da gemu, bayanta ruwa na feshi sama, a ƙasa an rubuta Yellowstone. Mai kayan ya ce "Alhaji wannan fa original ce", na ce to naji, muka yi ciniki na biya na manta da maganar wando gaba ɗaya.

Da dare ƙanwata ta gani ta ce Yaya wannan kuma wane irin sa ne haka kamar ya sa bargo. Dariyar da ta yi min ce ta sa na ɗau waya na shiga bincike, wallahi har ƙarfe ɗaya ban kwanta ba.

Ashe Yellowstone gandun daji ne a Amurka, mafi yawansa a jihar Wyoming, ya ɗan taɓa Montana da Idaho, kuma tun 1872 gwamnatinsu ta keɓe shi, shi ne gandun daji na ƙasa na farko a can. Ruwan da ke feshi a rigar tawa sunansa Old Faithful, tafasasshe ne yake tunkuɗowa daga ƙarƙashin ƙasa kusan duk bayan awa ɗaya da rabi, mutane su zauna a benci suna jira kamar masu jiran a take wasan ƙwallo. Baunar kuma ba irin tamu bace, tasu ce mai gashi, da ƙyar ta tsira saboda yadda aka dinga harbinta a shekarun 1800.

Amma ni abin da ya fi riƙe ni shi ne zanen kansa. Kala huɗu ce kacal, ba inuwa ba tarkace, kana hangowa daga nesa ka gane. Wannan salon yana da asali. Lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun 1930, gwamnatin Roosevelt ta kafa wani shirin samar da aiki mai suna WPA a 1935, har da masu zane aka ɗauka, tsakanin 1938 da 1941 suka yi fastoci na tallata gandun dajin ƙasar, kuma da hannu ake bugawa, kala ɗaya bayan ɗaya ta cikin kyalle mai raga, wato dai irin aikin da masu buga mana rigunan kamfen da na biki suke yi a nan. Kowace kala aiki ce daban shi ya sa suka taƙaita, talauci ne ya haifi kyan. Fastocin ma yawancinsu sun ɓace aka manta da su, sai a farkon shekarun 1970 wani ma'aikacin gandun Grand Teton, Doug Leen, ya tsinci guda ana shirin zubarwa, daga baya ya bi sahun sauran ya sake bugawa. Yau ga salon a riguna da kofuna har ya iso dilar gwanjo a Kano.

Nan fa na fara jin haushi kaɗan. Ni da na je Yankari sau biyu, na yi wanka a ruwan Wikki da dare, ruwan nan garai-garai mai ɗumi wajen digiri 31 rani da damina, biri ya fizge min burodi a hannu ina ji ina gani, amma rigar dajin da ban taɓa takawa ba nake sawa. Yankari fa tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa jama'a a 1962, ga giwaye. Ga Gashaka Gumti can Taraba da Adamawa, gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, da dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, wanda in aka zana shi da kala uku a baƙar riga ni dai saye zan yi ba ciniki. Duk yawona a kasuwa ban taɓa cin karo da irin wannan ba, sai dai hoton waya a manna a ƙirji da rubutu jibgi, wanki biyu ya ɓare.

Akwai wani abokina mai shagon firintin a unguwarmu, jiya na kai masa rigar na shimfiɗa a tebur, na ce giwa nake so a tsaye a bakin ruwa, shuɗi da ruwan ƙasa da fari, a ƙasa a sa Yankari kawai, banda "Welcome to". Ya juya ta ya duba ɗinkin ya ce zai iya, amma sai in guda 20 zan yi don kuɗin raga ya fita. Yanzu haka mutum 7 na samu a guruf ɗinmu na WhatsApp, ƙanwar tawa mai dariya ita ce ta farko, wai a yi mata da biri maimakon giwa.