Abin da Auckland ta koya mini a kwana shida

Tun a filin jirgin sama aka fara yi mini karatu. Na sauka Auckland, birni mafi girma a Niyu Zilan, da ƙullin kilishi a jakata. Allah ya taimake ni na rubuta shi a takardar shiga ƙasa. Jami'ar binciken kaya ta kwance ƙullin, ta duba, ta ce naman waje irin wannan ba ya shiga, ta karɓe. Da na ɓoye aka gano, tarar dala 400 ta ƙasar ce. Na ji zafin rabuwa da shi, amma na gane dalilinsu: ƙasar tsibirai ce mai dogaro da kiwo, cuta ɗaya ta isa ta ɓarar musu da tukunya.

Birnin yana zaune ne tsakanin ruwa biyu, Waitematā da Manukau, a kan duwatsu masu aman wuta kusan 50 da suka daɗe da yin shiru. 'Yan asalin ƙasar, wato Maori, suna kiransa Tāmaki Makaurau. Na hau dutsen Maungawhau da hantsi. A ƙoƙuwarsa akwai wani ƙaton rami kamar ƙwarya, ciyawa ta lulluɓe shi. Na nufi gangarawa, sai wani dattijo ya ɗaga mini hannu. "Ba a shiga," ya ce, "wuri ne mai alfarma." Bai ɗaga murya ba. Na ja da baya.

Washegari na shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Rangitoto, tafiyar kusan minti 25. Kafin a hau sai an kakkaɓe takalmi an duba jaka, don kada ɓera ko irin ciyawa su bi mutum. Tsibirin ya ɓullo daga teku shekara 600 da suka wuce, baƙin dutse ne ko'ina, itatuwan pohutukawa sun tsiro a kai. Kuskurena a nan shi ne ruwa. Gora ɗaya na riƙe, ga shi babu kanti ko ɗaya, kuma watan Janairu ne, tsakiyar lokacin zafinsu. Iska da sanyi-sanyi, amma ranar tana cin fata. Na kai ƙololuwa, mita 260, maƙogwarona a bushe, sai da wata mata ta tsiyaya mini daga nata.

Inda raina ya fi kwanciya kuwa kasuwar Ōtara ce, wadda ke ci ranar Asabar da sassafe a kudancin birnin. A nan ne na yarda da abin da ake faɗa, cewa babu birnin da ya tara mutanen Polinesiya, wato wani rukunin tsibirai na tekun Pasifik, kamar Auckland. 'Yan Samowa, 'yan Tonga, mata da fure a kunne, ga gwaza tsibi-tsibi, ga ɗanyar ayaba da kwakwa. Na tsaya gaban wata mai sayar da ganyen gwaza da aka dafa da madarar kwakwa. Na tambaye ta ko da naman alade a ciki, don suna yawan cin sa. Ba ta ji haushi ba. Ta nuna mini tukunyar da babu nama, ta zuba, ta ƙara mini gutsuren gwaza kyauta. A tsaye na cinye, tururi yana tashi daga ganyen.