Giram 64 a Sikelin Wani

Alhamis.

Kafin in dawo daga masallacin asuba Auta ya cika mini waya da hotuna. Sanyin hunturun nan ya sa ko hannu ba na son fitarwa daga aljihu, amma saƙo sai shigowa yake a kan saƙo. "Yaya, don Allah duba wannan, yau da daddare za a rufe." Wani ne can Ingila ya baza tarkacen kayan ado a kan farin ƙyalle ya sa su a gwanjon intanet. Akwai sarƙa mai kauri da ta tsinke, zobba biyu masu duwatsu, awarwaro guda, 'yan kunne da kowanne ya rabu da ɗan'uwansa, sai wasu ƙananan abubuwa da hoton bai fito da su sosai ba. A hoton ƙarshe an tara su duka a kan sikeli, ya nuna giram 64. Mai kayan ya rubuta wai na kakarsa ne da ta rasu, shi bai san kan gwal ba, bai gwada ba, wanda ya saya ya sayi abin da ya gani.

Karatu ne ya kai Auta Birmingham, amma jinin kasuwa bai sake shi ba. Har ya gama lissafinsa ya turo: a ɗauka duka karat 18 ne, kenan tsantsar gwal giram 48, ga shi kuma tayin da aka yi zuwa lokacin bai kai kuɗin giram 6 ba. So yake in turo kuɗi mu haɗa. Na ce ya bari in isa shagonmu na gwal tukuna.

Kawu ya iso wajen ƙarfe goma, na gaishe shi na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya daɗe yana jan hoton da yatsa, sannan ya ce, "Wannan sikelin na waye?" Na ce na mai kayan ne. Ya ce, "To, giram 64 ɗin ma nasa ne." Ya miƙo mini wayata ya koma kan shayinsa.

Ni dai na zauna na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina buɗe su. Abin da ake fara nema shi ne hatimi, 'yar lambar nan da ake bugawa a cikin zobe ko a jikin maƙullin sarƙa, wadda ke faɗin kashi nawa ne gwal a cikin dubu. 916 shi ne karat 22. 875 karat 21 ne, irin wanda alhazai suka fi dawowa da shi daga Saudiyya. 750 karat 18, 585 karat 14. Sai 375, karat 9, wanda ya cika Ingila, amma a nan Kano in ka nuna wa mace shi ka ce gwal ne sai ta kalle ka sama da ƙasa, don fiye da rabinsa jan ƙarfe ne da azurfa da sauran gauraye. Sarƙar nan mai kauri da ta tafi da hankalin Auta 375 ce. A gefen lambar na hango 'yar alamar angar jirgin ruwa, wato ofishin gwajin gwal na Birmingham ne ya buga, wanda yake aiki tun 1773, duk da garin ko teku ba shi da shi. Na Landan kan damisa suke bugawa. Dokar ƙasar ta hana a sayar da abin da ya haura giram ɗaya da sunan gwal ba tare da wannan hatimi ba, shi ya sa ganinsa yake ɗan kwantar da hankali. Kaɗan dai, don tsohuwar dabara ce a ciro maƙulli na gaske a liƙa a jikin sarƙar tagulla.

Awarwaron ne ya fi ba ni dariya, shi ne mafi ƙyalli a hoton kuma ga alama shi ne mafi nauyi. A cikinsa an rubuta 1/20 12K GF. Ma'anarsa, kashi ɗaya cikin ashirin na nauyinsa ne fatar gwal da aka naɗe a kan tagulla, fatar ma karat 12 ce, rabinta ne gwal. A giram ɗari za ka samu giram biyu da rabi. Wanda aka rubuta GP kuwa ruwan gwal ne kawai aka yi masa, wannan ba a ma sa shi a lissafi. Na sa Auta ya rubuta wa mutumin ya auna mana kowane abu shi kaɗai, ya ɗauko hoton hatimin ƙananan, ya kuma gaya mana ko ya kusanta musu mayen ƙarfe.

Sha ɗaya da rabi farashin gwal na safe na kasuwar Landan ya fito. Sau biyu suke yanke shi a rana, 10:30 da 3:00 agogonsu, kuma a wannan lokaci na sanyi muna gabansu da awa guda. Da oza ake faɗinsa, amma ozar gwal giram 31.1 ce, ba 28.35 ta sauran kaya ba, kuma mutane da yawa a nan suke zamewa. Tun da oza ta haye dala 3,000 a watan Maris na 2025, ta kuma haye 4,000 a Oktoban shekarar, kowa ya zama ɗan gwal. A dala 4,000 giram ɗaya na tsantsa ya kama dala 128 da ɗoriya. In ka haɗa da yadda naira ta kasance tun da aka sake ta a Yunin 2023, za ka gane me ya sa matan da ba su taɓa tunanin rabuwa da kayan lefensu ba suke zuwa layinmu da ƙullin ɗankwali. Mu ido ɗaya yana Landan, ɗaya yana Wapa wajen 'yan canji. Kawu ma ya hana ni yin lissafi da fam ko naira har sai an gama, ya ce a ƙirga komai da giram, kuɗi su zo daga baya.

Dab da azahar wata dattijuwa ta shigo da jikarta. Awarwaro ta kawo da zobe, kuɗin makarantar yarinyar ake nema. Na tsaya ina kallon Kawu kamar yau na fara ganinsa yana aiki, wataƙila don tun safe hoto nake kallo. Ya fara jinjina awarwaron a tafin hannu. Gwal nauyi gare shi, na tsantsa ya ninka tagulla mai girmansa fiye da sau biyu, kuma hannun da ya saba yana ji. Ya kusanta masa mayen ƙarfe, bai motsa ba. Ya goga shi a baƙin dutse ya bar zane, ya ɗiga asid, zanen ya tsaya daram. Ya ce, "Hajiya, wannan na Makka ne ko?" Ta ce tun zuwanta na farko. 875 ne cif. Zoben kuwa hatiminsa ya ce 750, amma Kawu ya nemi izininta ya ɗan karce shi da magagari ta ciki inda ba a gani. Asid na taɓa wurin ya yi kumfa kore shar. Ta yi shiru, sannan ta ce kyauta ce aka yi mata a wani biki, Allah Ya saka wa mai bayarwa, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Ta ɗan yi ƙorafi da ta ji kuɗin awarwaron bai kai na sabo mai nauyinsa ba. Kawu ya yi mata bayanin da yake yi kullum, cewa mai sayen sabo yana biyan kuɗin ƙira, mai sayen tsoho kuwa ƙarfen kawai yake saye. Ta karɓa ta ƙirga, jikar ta sake ƙirgawa, suka tafi.

Duk abin nan bai ɗauki minti goma ba, kuma a ciki babu ko ɗaya da za a iya yi wa hoto. Ba ka jinjina shi, ba ka karce shi, ba ka san ko awarwaro rami ne da aka cike da danƙo ba. Cinikin biri a sama kenan, sai dai a yi shi da lissafin da in birin ya tsere asarar ba za ta kai wuya ba.

Bayan sallah amsar mutumin ta zo. Sarƙa giram 14, zobba biyu giram 7 masu hatimin 750, awarwaro 21, 'yan kunne 6 kuma 585 ne, ragowar ƙananan 16 babu hatimi. Zancen mayen ƙarfe bai ce komai ba. Na ɗauko littafi. Sarƙa ta ba da giram 5.25. Zobba na cire musu giram ɗaya da rabi na duwatsu, don mai narkewa ba ya biyan kuɗin dutse, suka ba da 4.1. 'Yan kunne 3.5. Awarwaron nan mai ƙyalli, rabin giram. Marasa hatimi na rubuta musu sifiri. Jimla giram 13 da 'yan kai, inda Auta ya ga 48.

Ya kira ni nan take. "Haba Yaya, giram 16 fa ka zubar. In rabinsu gwal ne fa?" Na ce ya buɗe shafin mutumin ya ga abin da ya sayar a baya. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sai na ji ya fashe da dariya. Ashe irin wannan tarin ya sayar da su da yawa, farin ƙyallen ma shi ne, kuma duk da labarin kaka. Na ce lallai tsohuwar nan ta tara dukiya. A ganina nan ne gaba ɗaya zancen yake. Mutumin da sana'arsa ke nan, yana da sikeli mai auna ɗigon giram, ba zai rasa mayen ƙarfe da kwalbar asid ba. In ya ce bai gwada ba, sau da yawa ya gwada ne bai ji daɗin abin da ya gani ba. Ya fi ka sanin kayan, kuma shi ya zaɓi abin da zai ɗauka a hoto da abin da zai bari a inuwa. Don haka duk abin da bai nuna ba kuɗinsa sifiri ne, in daga baya ya fito gwal sai a ce rabo.

Giram 13 ɗin ma ba shi ne abin tayawa ba. Mai narkewa ba ya biyan cikakken farashin Landan, sai ya cire nasa. Wuraren haɗi da aka liƙe a sarƙa sukan gaza karat ɗin da ke hatimi, cikin maƙulli kuma akwai ɗan sifirin na ƙarfe da ya shiga nauyi. Ga kuɗin aikowa, ga abin da ɗan canji zai ci in naira za ta koma fam. Kawu, wanda na ɗauka ba ya sauraronmu, ya ce daga inda yake, "Kuɗin giram goma. Ko kwabo kada ya ƙara."

Bayan la'asar na ba malamin da ke jan mu sallah a layi labarin. Ya yi murmushi ya ce abin ba sabo ba ne. Ya kawo hadisin Fadalatu ɗan Ubaidu, wanda ya sayi abin wuya ranar Khaibar a kan dinari 12, zinare ne haɗe da duwatsu, da ya rarrabe sai ya tarar zinaren kaɗai ya fi dinari 12. Da aka gaya wa Annabi (SAW) sai ya ce kada a sayar da irinsa sai an rarrabe. Ya kuma tuna mini cewa cinikin zinare sharaɗinsa hannu da hannu, saboda haka wanda za a biya yau kaya su iso bayan kwanaki akwai maganar malamai a kansa, in za mu mai da shi sana'a mu zauna da masana tukuna. Wannan ɓangaren ban taɓa kawo shi a raina ba sai yau, kuma na isar wa Auta yadda aka faɗa mini. Ya ce in mun ci zai nemi ya je ya karɓa da kansa ya biya a wurin, tunda garin mutumin ba nisa.

Hanyar gida cunkoso, a Ƙofar Mata ɗan sahu ya kashe inji muka zauna har aka kira magariba.

Tara na dare za a rufe, takwas kenan a can. Saura kwata Auta ya kira muka bar layin a buɗe. Yadda tsarin yake, kai dai za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan har ta kai nan. Waɗanda suka goge ba sa motsi sai daƙiƙun ƙarshe, don kada su zuga wani. Duk yini farashin yana kwance wajen kuɗin giram 7. Saura minti ɗaya Auta ya sa namu. Muka zama a sama, na ji numfashinsa ya canza. Daƙiƙa goma ba ta cika ba aka haye mu. "Yaya, in ƙara na giram biyu?" Na ce ka ji abin da Kawu ya ce. Kafin ya sake magana lambar ta yi tsalle sau uku, aka rufe a kan abin da ya kai kuɗin tsantsar gwal giram 21.

Ko dai wanda ya ci ya gano wani abu a cikin ƙananan nan, don tsohuwar ƙira takan fi nauyinta daraja a wurin masu tara irinta, ko kuma lissafin da Auta ya yi da asuba shi ma ya yi. Na fi zaton na biyun. Auta dai bai ji daɗi ba, muryarsa ta nuna. Na ce ranar Asabar ya shiga unguwar maƙeran gwal ta garin nasu, ya tambayi shaguna uku nawa suke sayen giram na karat 9 da na 18, ya rubuto mini, ya kuma sayi ƙaramin sikeli da mayen ƙarfe ya ajiye.

Ashe duk wayar nan uwargida tana ji. Ina ajiyewa ta fito da ɗan kunne guda, ɗan'uwansa ya ɓace tun sunan yarinyarmu ta biyu, ta ce nawa za a saye shi. Na haska fitilar waya, 750 ne, na jinjina na ce ba zai wuce giram ɗaya da rabi ba, na faɗa mata kuɗin. Ta ce ai na Dubai ne. Na ce ko na ina ne asid bai san gari ba. Ta karɓe abinta, wai gobe ta fi so Kawu ya auna da kansa.