Gidan abinci mai alamar zakara

Ranar da na faɗa wa Umma a waya cewa jiya a gidan abinci muka ci na dare, ni da baban yara da yaran, shiru ta yi har na ɗauka layin ne ya yanke. Can ta ce, "Lafiyarki ƙalau kuwa? Ko kayan miya ne babu a garin?" Ban ga laifinta ba. A gidan da na tashi, cikin birnin Kano, gidan abinci na matafiyi ne da gwauro da ɗan kasuwar da azahar ta riska a Kantin Kwari. Na san yanzu zamani ya sauya, samari da 'yammata suna cika wuraren cin kaza a Zoo Road, amma a wajen su Umma, mace mai hannu da tukunya ta kwashi miji da 'ya'ya su je su zauna gaban jama'a suna tauna, abin a yi da ita ne a gidan suna.

Mun sauka Bradford, wani gari a yankin Yorkshire na Ingila, a Nuwamban 2022. Baban yara ma'aikacin jinya ne, ya riga mu zuwa da wata takwas a kan bizar ma'aikatan lafiya da Birtaniya ta buɗe a 2020. Mun zo a mummunan lokaci. A watan da ya gabace mu hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin 100, abin da ƙasar ta shekara 40 ba ta gani ba, kuɗin gas da lantarki kuwa shi ne hirar kowa a tashar bas. Sai muka riƙa kunna na'urar ɗumama ɗaki da awo, awa biyu da safe, awa uku da dare. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Shi yana aikin awa 12, ni ina ɗaki biyu da falo da yaro ɗan shekara shida da yarinya 'yar shekara biyu, muna kallon ruwan sama ta taga.

Abinci bai taɓa yanke mana ba. Garin cike yake da Musulmi, kimanin kashi 30 cikin 100 a ƙidayar 2021, mahautan Pakistan na nan ko'ina, har kuɓewa da manja da garin semo ana samu. Abin da na rasa shi ne kwanon da ke tsallake katanga. A gida ba a yin kwana biyu wata yarinya ba ta yi sallama da langa a hannu ba, "in ji Mama, a ɗanɗana," ke ma ki zuba naki ki mayar, don ba a mayar da kwano haka nan. A nan na yi wata guda ban ci loma ɗaya da wani hannu ya dafa ba, ban kuma zauna inda wasu mutane ke ci ba. Tun ina daurewa har na fara jin kuka yana taso mini a bakin murhu ba dalili.

Sau ɗaya na gwada fita ni kaɗai da yaran. Wani ɗan ƙaramin shagon shayi ne a kan hanyar makaranta, mai kyau daga waje. Keken yarinyar ya ƙi wuce ƙofa sai da na karkata shi. Sunayen abinci a allo aka rubuta da alli, rabinsu ban san su ba. Ban san ko zama ake yi a jira ba, ko zuwa ake a faɗa. Da na tambayi matar ko miyar akwai naman alade, ba ta gane lafazina ba, ni ma ban gane nata ba, don Turancin Yorkshire daban yake da wanda muka koya a makaranta. Mutum uku na tsaye a bayana. Na sayi ruwan kwalba na fito, hannuna yana rawa.

Da ɗan gari akan ci gari. Matar wani abokin aikin baban yara, 'yar Sakkwato da ta shekara biyar a ƙasar, ita ta ce ranar Asabar mu haɗu a Nando's na tsakiyar gari, wani gidan gasa kaza mai rassa da yawa, reshen na halal ne. Tun daga ƙofa wata budurwa ta tambaye mu mu nawa ne, mun taɓa zuwa, akwai wanda wani abinci ke tayar wa borin jini. Kafin in nemi inda zan ajiye yarinya ta jawo doguwar kujerar yara ta kafa a gefen tebur. 'Yar Sakkwato ta nuna mini yadda abin yake: ki riƙe lambar teburinki, ki zaɓi kaza kwata ko rabi ko guda, ki zaɓi zafin yaji, ki zaɓi abin haɗawa, shinkafa ko soyayyen dankali ko gasasshiyar masara, ki biya tun kafin a kawo. Cokali da wuƙa da kwalaben yaji suna can gefe, da kanki za ki ɗauko. Ruwan famfo kyauta ne in kin tambaya. Shi ke nan karatun, ta ƙare shi kafin yaron ya cire rigar sanyinsa.

Yarinyar ta kifar da kofin ruwa a kan tebur. Na miƙe a firgice ina ba da haƙuri, sai na ga ko waiwayowa ba wanda ya yi, don teburin da ke kusa da mu nasu yaron shinkafa yake watsawa ƙasa. Wani saurayi ya zo da tsumma ya goge yana yi mata wasa. Mun yi awa biyu a wurin cikin ɗumi, ba wanda ya kalle mu da idon ku tashi.

Yajin kuwa sai da ya sa ni tambaya, don na ji gida a cikinsa. Ashe kamfanin daga Afirka ya fito. A 1987 Fernando Duarte da Robert Brozin suka sayi wani gidan gasa kaza a unguwar Rosettenville ta Johannesburg, inda Turawan Fotugal da suka baro Mozambik suka yi yawa, kuma daga sunan Fernando aka samo Nando's. Sun buɗe reshen farko a Birtaniya a Ealing, yammacin Landan, a 1992, yanzu rassansu a ƙasar sun haura 400. Barkonon da suke kira peri-peri ɗan ƙaramin nan ne mai masifar zafi, ɗan uwan tsiduhunmu, ana noma musu shi a ƙasashe irin su Mozambik da Malawi da Zimbabuwe. Zakaran da ke alamarsu na garin Barcelos ne a Fotugal. Ba kazar Yahuza ba ce, babu ƙuli-ƙuli, lemon tsami ya fi yawa, amma wuta ta taɓa ta, barkono ya ratsa ta, kuma ba wanda zai ce miki komai in kin ajiye cokali kin sa hannu.

Abokan aikin baban yara 'yan ƙasa suna ɗan raina irin waɗannan gidaje masu rassa. Suna cewa duk ɗaya ne, abin da ka ci a Leeds shi za ka ci a Bristol, ba sabon abu. Gaskiya suka faɗa, kuma wannan ɗin shi ne abin da ya cece ni. Wanda aka haifa a gari yana da sararin neman sabon abu, don komai nasa tsoho ne. Baƙo kuwa tun daga tikitin bas har kwandon shara mai launi-launi, komai jarrabawa ce, kullum cikin tsoron kuskure yake. An ce sabo turken wawa, amma wanda guguwa ta ɗauko daga Kano ta ajiye a Yorkshire turke yake nema. Wuri ɗaya da na san ƙofarsa, na san abin da za a tambaye ni, na san amsar, na san kuɗin tun ina gida don yana rubuce a intanet, ya fi mini gidan abinci goma masu daɗi da zan shiga ina rarraba ido. Mako biyu bayan nan na koma ni kaɗai da yaran, na yi oda da bakina. A wurin na fara jin kunnena yana kama Turancin garin, saboda tambayoyin ba sa canzawa, yau ki gane rabi, gobe ki gane duka.

A watan Janairu wani abu ya faru da ya ƙara ɗaure ni da su. Na dama kunun gyaɗa, na ba yarinyar cokali uku, kafin minti goma leɓenta ya kumbura, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu. Allah ya sa ubanta yana gida. Bayan gwaji aka tabbatar jikinta ba ya karɓar gyaɗa, aka ba mu allurar gaggawa mai kamar biro, kullum tana jakata. Ki duba girman wannan a wajen Bahaushiya: yajin tsire, ƙuli-ƙuli, miyar taushe, man suya, kusan rabin girkinmu gyaɗa ce. Na tsorata da duk abincin da ba ni na dafa ba. A nan na san cewa tun Disamban 2014 doka ta wajabta wa masu sayar da abinci su faɗa wa mai saye in abincinsu na ɗauke da ɗaya daga abubuwa 14 masu tayar da borin jini, ciki har da gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara, kifi da waken suya. An ƙara tsaurara ta a Oktoban 2021, bayan rasuwar wata yarinya 'yar shekara 15 da ta ci burodi mai riɗi a 2016 ba tare da an rubuta a ledar ba. Dokar ta hau kan kowa, babba da ƙarami, kuma akwai ƙananan shaguna masu kiyayewa sosai. Sai dai gidaje masu rassa, da yake girkinsu a ƙayyade yake daga hedikwata, suna da jadawali na kowane abinci, zan iya karanta shi a waya cikin dare hankali kwance. In na faɗa a ƙofa, babba a cikin ma'aikatan yakan zo da kansa ya karɓi odar yarinyar. Haka na koyi duba takardar nan kore da baƙi da ake mannawa a gilashin ƙofa, makin duba-gari daga 0 zuwa 5. A Wales da Ireland ta Arewa dole ne a manna ta, a Ingila ganin dama ne, don haka in ban gan ta ba sai na bincika.

Maganar halal ba a yi mata gaggawa. Ba kowane reshen Nando's ne na halal ba, suna da jerin waɗanda suke a shafinsu, kuma ko a na halal ɗin za ki iya ganin ana sayar da giya. Sannan Musulmin ƙasar kansu sun rabu. Masu bin HMC, ɗaya daga hukumomin da ke tantance naman halal, ba sa cin abin da aka sumar da lantarki kafin yanka, takwararta HFA kuwa ta yarda da sumarwar da ba ta kashe kaza. Maƙwabciyata 'yar Gujarat ta Indiya ba ta cin nama sai mai tambarin HMC, kuma ban taɓa ja da ita ba. Mu mun tambayi malamin da muka natsu da shi, muka tsaya inda zuciyarmu ta kwanta. In tafiya ta kai mu garin da babu reshen halal, mukan shiga Pizza Express mu ci mai cuku da tumatir zalla, ko Harvester mu ci kifi, yara su cika kwano da ganye da masara a teburin salak da ba a ƙara kuɗi a kansa.

Ba kullum muke zuwa ba, aljihu ba zai ɗauka ba, jiki ma haka. Gishiri da mai sun yi yawa, kuma tun Afrilun 2022 da aka tilasta wa manyan kamfanoni rubuta adadin kalori a gefen kowane abinci, ba mai cewa bai sani ba. In daɗin baki ake nema, gidajen 'yan Pakistan na Leeds Road sun fi su nesa ba kusa ba, yanzu da idona ya buɗe can muka fi kai baƙi. Tuwo da miyar kuka kuwa sai a tukunyata. Sau ɗaya ne a wata, ranar da albashi ya shigo.

Ƙaramar Sallarmu ta farko ta faɗo ranar Juma'a, 21 ga Afrilun 2023. Na tashi da asuba na yi tuwon shinkafa da miyar agushi kamar yadda aka saba, muka dawo daga Idi, muka ci, sai gidan ya yi tsit. Ba yara masu yawon barka da Sallah, ba hawan Sarki, ba inda za a kai kwano. Da la'asar baban yara ya ce, "Ku sa takalma." Muka tarar da wurin maƙil: 'yan Pakistan cikin dogayen riguna masu ƙyalli, Somaliyawa, Larabawa, wata tsohuwa 'yar Sudan da lalle har gwiwar hannu. Mun yi minti 40 a layi. Yarona cikin shadda da hular zanna, wani dattijo mai jan gemu ya kama hannunsa ya ce masa Eid Mubarak, ya zura masa fam biyu a aljihu. Na ɗauki hoton teburin na tura wa Umma. Ta kira, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Duk waɗannan Musulmi ne?" Na ce mata yawancinsu. Ta ce, "To Alhamdulillahi, ashe kuna da mutane."

Bara wata ma'aikaciyar jinya daga Katsina ta sauka ita kaɗai, yaranta suna gida wajen kakarsu. Na gane irin kallon da take yi wa komai. Na kai ta teburinmu na kusa da taga, na ce ta riƙe lambar, ta je ta yi odar da kanta, ina tsaye a bayanta. Bayan wata uku aka mayar da ita aiki wani gari can arewa, bakin teku. Daren da ta sauka ta kira ni, iska tana kaɗa wayar.

"Anti, na ga zakaran nan a kusa da tashar jirgi. In shiga?"

Na ce ta dakata in duba mata jerin. Na duba, ba na halal ba ne.

"Shiga ki sha ɗumi," na ce. "Ki ce shinkafa da masara da gasasshen cuku. Yajin dai iri ɗaya ne, yana nan gefe inda kika sani."