Mun Gode: Baba Saje Ya Huta

Sai jiya da daddare muka mayar da sauran kujerun majami'a, yau ne na samu na zauna. Muryata ta dishe, ƙafafuna sun kumbura, amma zuciyata a kwance take. Kuna tare da mu tun ranar da aka kai Baba asibiti har ranar da muka rufe shi, don haka ba sai na maimaita muku ba. Godiya na zo yi.

Yabo ya tabbata ga Ubangiji da ya ara mana shi har ya haura shekara ɗari. Yaron da ya shiga soja a Zariya a 1942, aka ɗora shi a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya a 1944 tare da Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ratsa dajin Arakan na ƙasar Burma, yana cikin waɗanda suka shiga garin Myohaung a Janairun 1945, shi ne Allah ya dawo da shi gida da ransa, ya goyi jikoki, ya ga tattaɓa-kunne. Bai cika ba mu labarin yaƙi ba. Abin da muka sani shi ne sandarsa a ƙofar ɗaki ƙarfe biyar na asuba, kowa ya fito addu'a, da Littafi Mai Tsarkinsa na tsohuwar fassarar 1932 da ya ƙi a canza masa, bangon ya tsage Mama ta ɗinke da zaren buhu. Wurin Zabura ta 91 har ya yi baƙi saboda yatsa.

Akwai daren da ba zan manta ba. Kwana biyu kafin ya yi barci cikin Ubangiji, aka tsuge da ruwan sama, wuta ta ɗauke, ni kaɗai ke jinya. Sai Baba ya tashi zaune a firgice, yana fizge robar ƙarin ruwa, yana kiran sunayen mutanen da ban taɓa ji ba. Cewa yake kogi ya cika, akwai yaransa a wancan ƙetaren, ba zai kwanta ba sai sun haye. Na riƙe shi, na kira Baba, Baba, bai gane ni ba. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a idon mahaifina ba sai ranar, ni ma jikina ya ɗauki rawa.

Wani dattijo Musulmi ne a gadon da ke kusa da namu, ashe tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa. Da ƙyar yake numfashi, amma ya dafa ƙarfen gado ya miƙe, ya ƙame, ya sara wa Baba a hasken tocilan wayata. Ya ce, "Ranka ya daɗe Saje, na ƙirga su, kowa ya haye. A kwanta a huta." Baba ya daɗe yana dubansa, ya ce, "Duka?" Ya ce, "Duka, yallaɓai." Sai Baba ya sake hannuna ya kwanta, leɓensa na motsi da addu'a har barci ya ɗauke shi. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba ko a bakin kabari.

An ce ba a ware wani a godiyar makoki, ku gafarce ni. Rabaran, wanda ya kawo wa Baba Jibin Ubangiji har gadon asibiti. Iyayenmu Zumuntar Mata, da suka kwana uku a bakin murhu suna waƙa. Maƙwabcinmu Alhaji tela, da ya raba dare yana gyara tsohon kakin Baba, ya maƙala lambar Tauraron Burma a inda take zama duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo. Tsofaffin sojoji 'yan Lijan da suka zo da sanduna, suka busa masa begila. Matasan unguwa, Kirista da Musulmi, da suka haƙa kabari ƙasa na jiƙe.

'Yan'uwan da suka yi karatu a gidan nan da kuɗin fanshon Baba, waɗanda mako uku na jinya ko waya ba mu samu ba, mun ga saƙonninku a Facebook. Mama ta tambaye ku da suna, na ce hanya ce ba kyau. Ƙofa a buɗe take, ku zo ku gaishe ta.

Ubangiji Yesu ya saka wa kowa. Wanda ya ba da kuɗi, Allah ya mayar masa ninki. Wanda ya taka ƙafa, Allah ya tsare fitarsa da shigarsa. Wanda ya durƙusa dominmu a ɗakinsa, Allah ya ji nasa kukan, ya ba ku 'ya'yan da za su riƙe hannunku ranar tsufa, ya ƙarfafa Mama, ya haɗa mu da Baba a gaban kursiyinsa. Amin.

Sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa ce. Dattijon nan kuwa, da na koma asibitin da kwanon abinci an ce an sallame shi, kuma ban karɓi lambarsa ba. Duk wanda ya san shi ko iyalinsa, don Allah ya neme ni.